Tiyon Mai a Ƙarƙashin Kujerar Hajja

Ni dai tun ranar da na fara ganin motar nan ban so ta ba, kuma na faɗa. Ina aji uku a sakandaren kwana ta 'yan mata, na dawo hutu na tarar da ita a ƙofar gidanmu a Bolari: 'yar ƙaramar bas mai layin kujeru uku, ruwan ƙasa, gefe ɗaya an yi mata faci da fentin da bai yi kama da sauran jikinta ba. Shekarun nan ne da arzikin man fetur ya shigo, kowane malamin ofis sai ya fito da mota sabuwa dal, ko ledar kujeru ba ya cirewa. Mu kuwa Baba ya tashi ya sayo tsohuwa.

Na ce, "Baba, wannan ai ta gaji."

Ya ce, "Uwata, ke ma a gajiye kika dawo daga makaranta, ba mu mayar da ke ba."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ita mahaifiyar tasa, Hajja, tare muke da ita, kuma takwara take kirana idan muna shiri. Idan ba ma shiri, uwar gaggawa.

A hannun Bappa aka sayi motar. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amininsa ne tun suna samari. Mu asalinmu Katsina, Baba atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwa, yana karanta ajami kamar ruwa amma boko ko harafi ɗaya. Shi kuwa Bappa haifaffen Gombe ne, ya yi aiki a ofishin gona har ya yi ritaya, ya samu gida a Federal Low-Cost lokacin ko itatuwan wurin ba su yi inuwa ba. Shekara da shekaru duk takardar Turanci da ta zo wa Baba, wurin Bappa ake kai ta.

Motar tana da halayenta, kuma cikin mako guda na haddace su. Ƙofar gefe irin ta ja ce, idan ka ja da ƙarfi sai ta sauka daga kan layinta ta rataye kamar haƙori mai girgiɗa, shi ya sa igiya ba ta rabuwa da ita. Da safe ba ta tashi da makulli sai ta ga dama, don haka a kan gangaren bakin masallaci take kwana, Baba ya saki birki ta gangara, ta yi tari biyu ta kama. Giya ta biyu tana fita da kanta, sai ya riƙe sandar da hannu har a wuce tudu. Fanbel ya tsinke mana sau biyu. Abin goge gilashi na ɓangaren direba ne kawai ke aiki, shi ma sai an fara taimaka masa da yatsa. Duk abin da ta yi, Baba sai ya shafa sitiyari ya ce, "Yi haƙuri, 'yar dattijuwa." Ni kuwa ina baya ina tsaki.

Injinta a baya yake, daidai ƙarƙashin kujerar ƙarshe. Idan an yi tafiya kujerar sai ta ɗauki ɗumi, kuma abin da Hajja ta gano ke nan tun fitar farko. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, an sha shafe-shafe da jiƙe-jiƙe ba su ji ba. Ta miƙe ƙafafu a kan kujerar nan daga Gombe zuwa Kwadon, ta sauka tana cewa rabonta da jin daɗin ƙafarta haka tun kafin a haifi Baba. Shi ke nan kujera ta zama tata. Duk Lahadi Baba zai kai ta Kwadon wurin ƙanwarta, a dawo da tumatir da albasa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ko ba a tafiya, wani lokaci takan sa a tayar da motar ta je ta zauna.

Takardun motar a cikin wani gwangwanin biskit suke, yadda Bappa ya miƙo su. A cikinsu akwai wata fara mai kauri, da tambari a sama da jan hatimi a ƙasa. Ta fi duk sauran kwarjini, don haka ita Baba yake ɗorawa a sama idan an tsayar da shi a hanya. Masu duba takardu sun san shi, sukan ɗaga ta su duba na ƙasa, su ce Alhaji a sauka lafiya. Kusan shekara guda yana haka.

A hutun damina na gaba, wata Lahadi muna dawowa daga Kwadon, aka tsayar da mu. Ni ce a gaba ranar, gwangwanin yana kan cinyata. A layin tsakiya akwai Innata da wani maƙwabcinmu mai sayar da goro da muka rage wa hanya, mutumin da ba ya iya kwana da labari a cikinsa. Hajja tana baya a kan kujerarta. Da aka dawo da takardun, ina mayar da su, idona ya faɗa kan jan hatimin. Ban iya ganin rubutu in ƙyale ba. Na karanta layin farko, na koma na sake.

Wasiƙa ce daga kamfanin da ya shigo da motar, da sunan Bappa a sama. Sun ce an gano aibu a irin waɗannan motoci: tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji yana gogar wani ƙarfe, idan ya daɗe zai huje, man ya zuba a kan inji mai zafi, wuta ta tashi. A kai motar garejinsu na Jos a canza tiyon, ba za a biya komai ba. Mai sunan da ke kan wasiƙar ya zo da kansa, ko ya aiko da sa hannunsa. An rubuta ta wata biyu kafin a sayar mana da motar.

Da ni mai hankali ce, da na ninke ta na jira mu isa gida. Ni kuwa na juya na ce, "Baba, tsaya! Hajja a kan wuta take zaune!"

Hajja ta ce, "Ai shi nake so."

Na fassara musu kaf, da ƙarfi, har da kwanan wata. Sannan na ƙara abin da ba ya cikin takardar. Na ce, "Bappa ya sani. Turanci ne, ya fi ni iya shi. Ya karanta ya ga za ta kashe mutane, ya lallaɓa ya sayar maka."

Innata ta kira sunana sau ɗaya, irin kiran da ke nufin na riga na makara. Mai goro ya gyara zama. Baba bai juyo ba. Ya miƙo hannu ya karɓi wasiƙar, ya sa a aljihun gaba, ya ci gaba da tuƙi har ƙofar gida. Sai da mai goro zai sauka Baba ya ce masa, "Malam, yarinya ce, ba ta gama koyon Turancin ba. Kada ka ɗauka da nisa."

Wannan ta ƙona mini rai fiye da mari. Ni ce ta ɗaya a Turanci a ajinmu.

Washegari na sami Baba yana alwala, na ce ya kai wa Bappa takardar ya sa hannu, a kai mota Jos. Ya ce ba zai kai ba. Na ce don me. Ya ce, "Uwata, ba zan ɗauki takardar nan in sa a hannun mutumin nan ba. Ki bar maganar."

Amma ba wai bai ji tsoro ba ne. Ya ji. A ranar ya kai motar wurin bakanikenmu na Tudun Wada, wanda ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce irin tiyon nan mai lanƙwasa babu shi a Gombe, ya yanko robar tayar keke ya naɗe wurin ya ɗaure da waya. Baba ya sayo bokiti ya cika da yashi ya ajiye a bayan kujerar direba. Ya kuma roƙi Hajja ta dawo gaba.

Ta ce, "In dawo gaba in yi me? Ni karen mota ce?"

"Hajja, don lafiyarki ne."

"Lafiyata tana baya. Ku da kuke da gwiwa ku zauna a gaba."

Ya ce to a dakata da zuwa Kwadon. Ta ce ƙanwarta ba ta da lafiya, idan ba zai kai ta ba ta san hanyar tasha, kuma duk garin zai ji cewa ɗanta yana da mota uwarsa tana bin akori-kura. Baba bai taɓa iya ce mata a'a ba. Lahadi ta zo aka tafi, ni ina layin tsakiya, bokitin yashi a tsakanin ƙafafuna, hancina a baya. Kafin mu kai rabin hanya na ji warin fetur. Ba mai yawa ba, amma na ji. Na dubi Hajja, ta lumshe ido tana jan carbi, ƙafafunta a miƙe, fuskarta kamar ta jaririn da aka yi wa wanka. Na ce a raina wallahi ba za a sake wata Lahadin a haka ba.

Wasiƙar tana aljihun rigar da Baba ya cire, ni kuma ni ke wanki. Ranar Talata da hantsi na ce wa Innata zan je karɓo littafi wurin ƙawata, na hau tasi zuwa Low-Cost. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na tsara shi tsaf, har da inda zan ce Allah ya isa idan ta kama.

Na tarar da Bappa a baranda a kan kujerar katako, da babbar riga fara kamar mai shirin fita. Na yi sallama. Ya amsa yana kallon ƙofar gida, ni kuwa na riga na iso gefensa. Sai da na durƙusa na gaishe shi ya juyo, ya ce, "A'a, uwar abokina ce. Muryarki ta girma. Yaya su Hajja?"

Ban tsaya dogon gaisuwa ba. Na fito da takardar na ce, "Bappa, wannan a cikin takardun mota muka gan ta."

Na miƙa. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefen takardar ya kama iska. Ya sake lalubowa ya same ta. Ya shafa ta da babban yatsa, ya tsaya a kan hatimin inda ya ɗan tasa. Ya kai ta kusa da fuska, ya nisantar, sannan ya ce, "Tabarau ɗina yana wurin gyara. Karanta mini, mu ji abin da ake koya muku."

Tabaraun yana rataye a wuyansa. Na ɗaga kai na dubi idanunsa sosai, abin da ban taɓa yi ba tunda ba a kallon babba ido cikin ido. Wani fari-fari ya rufe ƙwayar kamar an ɗiga nono a ruwa.

Duk maganar da na tsara ta bi iska. Na karanta masa a hankali. Da na zo wurin wuta ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tambayi kwanan wata, na faɗa.

Ya ce, "Wa ke zama a baya?"

Na ce, "Hajja."

Ya ce, "Innalillahi." Ya sa tafin hannu ya rufe fuska. Can ya ce, "Na ɗauka ta inshora ce. Ta zo, na ji kaurinta, na sa ta cikin gwangwani. Lokacin na riga na daina ganin ƙananan rubutu. Motar ma abin da ya sa na rabu da ita ke nan, na kusa taka wata mai talla a bakin kasuwa." Ya sauke hannun. "Ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana da ke Kaduna. Mutumin da ya yi shekara talatin yana karanta wa mutane takardu. Babanki ne ya aiko ki?"

Na ce, "Bai san na zo ba."

"To bai sani ba. Ni ma ban gan ki ba." Ya ɗan yi dariya da maganar tasa, ni kuwa na kasa. "Ki bar mini takardar. Kuma abin da kika gani a nan, ki bar shi a nan."

Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga tasi a ƙofar gidanmu. Bappa ya fito da sanda, wadda da ban taɓa ganinsa da ita ba, yana juya ta kamar ta ado. Ina tsakar gida ina jin su ta zaure. Bayan sun gama gaisuwa ya ce, "Alhaji, kamfanin motar nan sun rubuto mini. Wai akwai wani tiyo da za su canza. Sai da ni za a je, ga shi na daɗe ban ga Jos ba. Ka kai ni mana, in sha iska."

Baba ya ce, "Ikon Allah. Yaushe suka rubuto?"

"Kwanaki."

"To ai sai mu je. Asabar ta yi maka?"

Shi ke nan. Ba wanda ya tambayi yadda takardar da ke aljihun wani ta koma hannun wani. Da Baba ya shigo ya wuce ni, ya ce wa Innata a shirya mini kaya, da ni za a je, ko za a ba da wata takardar a cike.

Hajja ta ce ita ma za ta. Baba ya ce Jos akwai sanyi, gwiwa ba ta son sanyi. Ta ce to a gaya wa masu gyaran kada su kuskura su taɓa mata ɗumin kujera, in ba haka ba su da Allah.

Mun tashi da sassafe, tagogi duk a buɗe saboda warin mai. Baba yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, duk bayan ɗan lokaci ya tsaya ya buɗe murfin inji ya sunsuna. Bappa yana gaba, ni a tsakiya, kujerar baya ba kowa. A hanyar ne na lura da wani abu. Baba, wanda ba mai surutu ba ne a mota, bakinsa bai huta ba. "Ka ga gadar nan har yanzu ba su gama ba." "Dawar bana ta yi kyau, dubi yadda ta fi mutum tsayi." "Ga mu a Alkaleri, masu ƙosai sun fito." Bappa yana cewa haka ne, haka ne, ya ɗora nasa labarin na lokacin da yake zagayen gonakin auduga a wuraren.

A garejin Jos akwai matakala kafin a shiga ofis. Baba ya matso har kafaɗarsa tana taɓa ta Bappa, ya ce kamar da kansa yake, "Matakala har huɗu, ta ƙarshen kuma ta fi sauran tsayi. Ban san wa ya koya musu gini ba." Suka hau tare. Da akawun ya turo takarda a sa hannu, Baba ya riga kowa ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Nan ne ko, malam? Ni ban iya ba, amma na ga nan ake yi." Ya bar yatsan a wurin har bakin alƙalamin Bappa ya same shi.

Ina tsaye a bayansu na ji kunya ta rufe ni tun daga kai. Ashe Baba ya san halin da idon Bappa yake ciki. Tun yaushe, ban sani ba, wataƙila tun kafin ya sayi motar, wataƙila ma shi ya sa ya saya. Na tuna rabon da in ga an kai wa Bappa takarda daga gidanmu, na kasa tunawa.

Aikin bai kai awa biyu ba. Bakaniken ya fito da tsohon tiyon, ya warware robar da aka naɗa, ya nuna mana. Ni da ido ban ga komai ba sai baƙin abu. Bappa ya ce a ba shi. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya tsaya a wajen lanƙwasar, ya danna. Wurin ya buɗe baki kamar tsagar wake, ɗigon mai ya fito ya jiƙa masa yatsa. Ya daɗe yana riƙe da shi.

Ya ce, "Alhaji."

Baba ya karɓe tiyon daga hannunsa ya jefa cikin durom ɗin shara, ya ce, "An kira azahar. Tashi mu je, ni yunwa ma nake ji."

Akwai ɗan masallaci a gefen garejin. Baba ya riga Bappa idar da salla, ya fito ya same ni zaune a bakin ƙofar mota ina cin gyaɗa. Bappa yana ciki yana nafila. Baba ya tsaya kusa da ni yana gyara hula, idonsa a kan masallacin.

Ya ce, "Kin je Low-Cost."

Na ce, "Na je."

"Me kika gani a can?"

Bakina ya cika da magana. Ina so in ce a kai shi asibitin ido, ana yin aikin, na karanta. Ina so in ce a rubuta wa 'ya'yansa. Ina so in ce Baba ka yafe mini abin da na faɗa gaban mai goro. Na haɗiye gyaɗar da ke bakina.

Na ce, "Ban ga komai ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗebi gyaɗa kaɗan daga tafin hannuna ya watsa a baki, ya ce, "Akwai likitan ido a garin nan. Na ce masa nawa idon ne ke damuna, zai raka ni. Idan mun je ke za ki cike takardun, ki rubuta suna biyu."

Bappa ya fito bakin masallaci ya tsaya, yana laluben takalminsa da ƙafa a cikin na mutane. Na yunƙura zan tashi. Baba ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni, ya tafi da kansa, yana faɗa tun daga nesa wai wane ne wannan ya ture wa mutane takalma zuwa gefen hagu.